Yaron da Ba a Bari Shi Kaɗai a Otal Ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, ko harafin farko kada ka bari, akwai 'yan unguwar Deira ta Dubai da yawa a nan kuma in aka gane ni na kaɗe. Don Allah ku taimaka ku ba ni shawara, kuma ta gaggawa, domin kafin Juma'ar nan dole na san inda na dosa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni in ban faro magana daga tushe ba ba na iya ƙarasa ta.

Ni 'yar Kano ce, na ɗan haura arba'in, ina aiki a wani ƙaramin otal a Al Buteen, kusa da bakin ruwa inda 'yan kasuwarmu ke sauka in sun zo sarin kaya. Ni ce shugabar masu gyaran ɗakuna, zannuwan gado da tawul duk a hannuna suke, kuma a cikin otal ɗin nake kwana, ɗakina yana hawan ƙarshe kusa da sito. Da yake yawancin baƙinmu Hausawa ne, manaja ya bar ni ina ɗan girka tuwo da miyar kuka da ɗanwake a kicin ɗin baya, don ya lura in babu tuwo baƙin nan guduwa suke yi wani otal ɗin. Da korona ta shigo aka rufe filayen jirgi, aka kulle unguwar tamu ba shiga ba fita sai da takarda, otal ya zama kamar gidan haya, mu da 'yan baƙin da hanya ta rutsa da su. Cikinsu akwai wata Hajiya mai sarin abaya, zan kira ta Hajiya Ladi, ita ce abokiyar hirata tun da aka kulle mu.

Ana gab da rufewar ne wani dattijon Bature ya kawo wasu samari biyu a wata baƙar mota mai baƙin gilashi. Shi ya yi magana a risefshan, shi ya sa hannu, shi ya zaɓi ɗakin, su kuwa suna tsaye a bayansa da farar shat da taye kamar ma'aikatan banki, sai murmushi suke. Ɗayan ƙato ne baƙi ɗan Uganda, zan kira shi Dogo. Ɗayan siriri ne, bai fi shekara ashirin ba. Washegari na kai musu tawul, na ƙwanƙwasa, ina mita ni kaɗai da Hausa a kan masu wanki, sai na ji siririn ya ce, "Sannu da aiki Anti, ina kwana?" Wallahi saura kaɗan tawul ɗin su zube. Hausa ce fes irin ta Jos. Na ce kai ɗan gidan waye, me ya kawo ka, yaya sunanka? Ya ce Elda Ishaya, ba shi ne sunan ba na canza. Na ce wancan fa? Ya ce shi ma Elda ne. Na ce to Elda suna ne ko sarauta, ya yi dariya ya ce ma'anarsa dattijo. Na dubi dattijon da ko gemu bai gama tsiro masa ba, na ce to madalla.

Abin da ya gaya min shi ne, su 'yan wani coci ne da ake kira Mormon, wanda ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa ji ba, kuma a cocin nasu saurayi yakan ba da shekara biyu ya tafi aikin wa'azi duk inda aka tura shi. Su an tura su wani tsibiri ne can bayan Ostiraliya. Da cutar ta ɓarke aka ce kowa ya koma ƙasarsu, suka iso Dubai za su canza jirgi, sai ƙasarsa da ta Dogo duk suka rufe ƙofa. Dattijon Baturen nan ɗan cocinsu ne da ke aiki a nan, shi ya nema musu biza ya kawo su otal. Labari ne mai kyau, ba inda ya karkace. Ni kuwa a garin nan duk labarin da na ji ya miƙe sosai sai na ƙara buɗe ido.

Abin da na fara lura da shi, yaron nan ba a barinsa shi kaɗai. Ban ce yawanci ba, ko sau ɗaya. In ya sauko karɓar abinci Dogo na bayansa. In ya fito zubar da shara Dogo na bayansa. In ya shiga banɗakin da ke ƙasa kusa da risefshan, Dogo zai tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu har ya fito. Kamar tif da taya. In ina yi masa magana da Hausa, duk jimlar da na faɗa sai ya juya ya fassara wa Dogo da Turanci, ko da ce masa na yi miya ta yi gishiri? Wayarsu ɗaya ce su biyun, kuma in ɗaya yana dannawa ɗayan yana kallon fuskar wayar. Gida kuwa ranar Litinin kawai yake kira. Na ce masa ga wayata, kira mamanka ka ji muryarta, yau Laraba ba za a mutu ba. Ya ce a'a Anti na gode, sai Litinin. Ya faɗa yana murmushin nan nasa, amma na ga yadda ya bi wayar da kallo.

Sai maganar shayi. Ranar da na fara kai musu fulas na shayi mai citta da kanumfari, wanda ko Larabawa roƙona suke, yaron nan ya ce ba sa sha. Na ce ba ka da lafiya ne? Ya ce addininsu ne ya hana shayi da kofi. Jama'a na yi makaranta da Kiristoci, na yi maƙwabtaka da su, ban taɓa jin wanda ganyen shayi ya haramta gare shi ba. Ɗan Jos, garin sanyi, ya ƙi shayi? Na ce a raina an dai hana shi karɓar abin sha daga hannun mutane ne. Wata rana kuma kular abincinsu ta dawo yadda na kai ta, ko buɗewa ba a yi ba, robar ruwa ma a cike. Na hau da kaina, na tarar leɓensa ya bushe. Ya ce azumi suke, sau ɗaya a wata, daga abincin jiya sai an zagayo. A lokacin ko watan azuminmu bai kama ba. Ni abin da na gani shi ne yaro an hana shi abinci, an koya masa abin da zai ce.

Rayuwarsu a ɗakin nan ma abin kallo ce. Sassafe agogonsu zai buga, in ji ana dire-dire suna motsa jiki, sai wanka, sai guga. Mutanen da ba inda za su, an kulle gari, amma sai sun goge farar riga sun ɗaura taye sannan su zauna a bakin gado su yi karatu har hantsi. Talabijin ɗin ɗakin sun juya fuskarta bango. Da rana sai in ji suna magana a waya da mutanen tsibirin nan da wani yare, wani lokacin su yi 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. In sun gama sai su sauko su ce a ba su aiki, su wanke matakala, su ɗaga robobin ruwa, su taya ni tsince shinkafa. Hajiya Ladi ta ce ita duk rayuwarta ba ta taɓa ganin saurayin da ya roƙi tsintsiya ba, da walakin goro a miya. Na gwada shi ma, na ce to mai wa'azi, yi min wa'azin in ji. Sai ya nutsu ya ce Anti dokar ƙasar nan ta hana, shugabanninsu ma sun hana, ba zai yi wannan maganar da ni a nan ba. Ko ɗan baƙin bajonsu na ƙirji mai ɗauke da sunansu ba sa maƙalawa, a kan tebur nake ganinsa in na shiga canza zanin gado. Wane irin mai wa'azi ne za a ce yi ya ce a'a?

Abin da ya ƙarasa ni shi ne fasfo. Na tambayi yaron risefshan cikin hira, ya ce ai fasfunansu ba sa otal, dattijon ya tafi da su wai zai sabunta musu biza. 

Kafin ku ce na cika zargi, ku ji dalilina. Ni wata eja ce, irin dillalan nan masu kai mutane aiki waje, ta kawo ni ƙasar nan da sunan aikin shago. Tun a filin jirgi aka karɓe fasfona wai za a yi min takardu. Aka kai ni wani filat a wajen Al Warsan hannun wata mata da muke kira Madam. Aka haɗa ni da wata yarinya wai ƙawata, ita ke raka ni ko'ina, in na shiga banɗaki tana bakin ƙofa. Waya sau ɗaya a sati, a gaban Madam, a buɗe kowa na ji. An canza min suna. An koya min murmushi. Wata rana a kanti wata mata ta ji na yi tuntuɓe na ce wayyo Allah, ta matso ta ce, "'Yar'uwa Bahaushiya ce? Lafiya kike kuwa?" Mai rakiyata na tsaye a gefena, na washe baki na ce lafiya lau Hajiya, aiki nake. Matar ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ɗauki kwandonta ta wuce. Na ƙara kusan shekara a gidan nan kafin Allah ya kawo mafita, kuma abin da na gani a shekarar ba na rubutawa ba ne. Na daɗe ina jin haushin matar nan fiye da Madam, domin ita ta gane. Na yi wa kaina alkawari ni ba zan taɓa ɗaukar kwando in wuce ba.

To ku dubi lissafin da idona: fasfo a hannun wani, mai rakiya har bakin banɗaki, waya sau ɗaya a sati, suna ba nasa ba wai Elda, ga murmushi. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, na yarda, amma ai wani lokacin macijin ne da gaske. Ko da cocin na gaskiya ne, me zai hana wani mugu ya fake da sunansa ya kwaso 'ya'yan talakawa? Na faɗa wa Hajiya Ladi, ta ce biri ya yi kama da mutum, abu ɗaya ya rage, a samu yaron shi kaɗai a tambaye shi, domin muddin ƙaton nan na tsaye ba zai taɓa faɗar gaskiya ba. Ta ce in ya amsa, tana da ɗan'uwa mai siton tura kaya gida, za a san yadda za a ɓoye shi har a buɗe hanya.

Na gwada duk dabarar da na sani ta gaza. In na ce Dogo je ka ƙasa ka ɗauko min kaza, sai su tafi tare. In na ce Ishaya zo ka riƙe min wannan, sai hannu huɗu su zo. Har azumi ya kama, suna taya mu jera kayan shan ruwa, kuma ba su taɓa cin ko dabino a gabanmu da rana ba, wannan kam na yaba musu. Sai dabarar ta zo min ta wajen lifta. Liftar otal ɗinmu tsohuwa ce ƙarama, kuma saboda korona an liƙa takarda mutum biyu kawai. In masu wanki suka kawo ƙullin zannuwa, yaran sukan loda min a ciki, ni in shiga da kayan, su kuma su bi matakala su biyu su same ni a sama. Ranar Asabar ɗin da ta wuce bayan la'asar, na ce Ishaya tura min ƙullin nan can ƙurya ya tare hanya. Ya shiga ya sunkuya, ni kuma na faɗa ciki na danna. Na ga fuskar Dogo ta tsakanin ƙofar tana rufewa, ya miƙo hannu bai kai ba. A raina na ce yawwa, yau mai gadi ya yi sake.

Tun a cikin liftar yaron ya manne da bango kamar na shigo da wuta. Da muka isa sama ya ce zai tsaya nan ya jira abokinsa. Na ce ajiye min ƙullin nan a sito tukuna, taku biyu ne. Ladabinsa ne ya ci shi, ya ɗauka ya shiga. Na bi shi na murza mukulli na jefa a aljihun rigar aikina. Na ce Ishaya kwantar da hankalinka, ni uwa ce, ba wanda ke jin mu, faɗa min gaskiya sayo ka aka yi? Ina fasfonka? Me suke sa ka yi? Na ba shi labarina a gurguje, abin da ko 'yan gidanmu ban gaya wa duka ba. Na ce akwai inda za mu ɓoye ka, akwai lambar da ake kira. Yaron nan bai ko dube ni ba. Ya juya ya fuskanci kantar tawul, abu ɗaya yake maimaitawa, "Anti don Allah ki buɗe ƙofar. Don Allah ki buɗe." Na ce tsoron Dogo kake ji ko? Ya ce ba tsoronsa nake ba, ki buɗe. Sai na ga hawaye. Ni kuwa hawayen nan suka ƙara tabbatar min, domin ni ma da matar kanti ta ja ni gefe kuka zan fara yi. Na ci gaba da lallashi. Ina jin Dogo yana hawowa hawa-hawa yana kiran Elda, Elda, har ya iso ya kama dukan ƙofa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, bai kai a dafa shinkafa ba, amma ya isa. Da na buɗe, yaron ya fita da gudu ya tsaya a bayan Dogo yana haki. Dogo shi ma idonsa ya yi ja.

Na manta da kyamarar da ke barandar. Manaja ya kira ni ofis, ya nuna min hoton, ga ni na bi baƙo namiji cikin sito na rufe, da rana tsaka a watan azumi. Ya yi ta faɗa, wai ina so a rufe masa otal, wai ya ɗauka ni mai hankali ce. Ni ma ban raga masa ba, na ce shi da ya karɓi baƙi babu fasfo a hannunsu shi ne mai hankalin? Ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba ruwansa, shi dai ya riga ya sanar da wanda ya sa hannu ya kawo su. Na tambaye shi me ya gaya wa dattijon. Ashe ce masa ya yi yaronsa da ma'aikaciyar otal sun kulle kansu a sito. Sun kulle kansu. Bai ce ni na murza mukullin ba, don kada laifin ya zama na otal. Aikina yana lilo yanzu, amma wallahi ba shi ne ya sa na rubuto ba, na taɓa rasa abin da ya fi aiki.

Kwana biyu ina ajiye musu kula a bakin ƙofa tana dawowa da rabi. Ranar Litinin ban ji muryar mamansa ta cikin ƙofa ba kamar yadda na saba ji in na wuce, ashe bai kira ba. Jiya da hantsi ina yanka albasa sai ga su a bakin kicin, ba su shigo ba, Ishaya a gaba Dogo a baya, da fararen rigunansu. Yaron ya faɗa, wuyan rigar har ya yi masa yawa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ce ya ji labarin da na ba shi kuma ya yi min addu'a a kai, ya san ba da mugunta na yi ba. Sannan ya yi min bayani, yana faɗa yana fassara wa Dogo. Ya ce dokar aikinsu ce tun ranar farko, ɗaya ba ya barin inda ɗaya zai gan shi ya ji shi, kuma ba a keɓewa da mace ko sa'ar kakarsu ce. Ya ce shi ya nemi aikin nan da kansa, ya yi shekaru yana shiri, ba wanda ya sayo shi. Na ce to mai gadin nan fa?

Ya ce, "Anti ba gadina yake ba. In gadi ne, ni ma gadinsa nake. Amfaninsa shi ne in wani ya ce na yi abu, shi zai ce ƙarya ne, ina wajen. Tun da na bar gida ban taɓa tsayawa inda ba ni da shaida ba sai ranar nan. Yanzu abin da ya faru a ɗakin nan, daga ni sai ke sai Allah."

Na ajiye wuƙar. Ya ce shi da kansa ya kira shugabansu a waya tun ranar ya faɗi abin da ya faru, Dogo ma ya faɗi nasa, amma Dogo ƙofa kawai ya gani, ga kuma maganar manaja ta sha bamban da tasa. Ranar Juma'a in sun gama ibadarsu, don a garin nan ranar suke yin coci, dattijon zai zo da takardar izinin shigowa unguwa, zai haɗa da shugaban nasu a waya, kuma sun ce suna so su ji daga bakina in na yarda. Ya ce ba wanda ya ce masa maƙaryaci, amma in abin bai warware ba ana iya sallamarsa daga aikin, alhali saura kaɗan ya cika shekara biyun. Ya koma Jos a matsayin wanda aka dawo da shi saboda mace. Ya ce shi zai iya ɗauka, mamansa ce ba zai iya kallo ba, ita kaɗai ta rene shi, kuma kowa a cocinsu ya san ranar da take jira. Shi ya sa bai kira ta ba, ya ce in ta ji muryarsa za ta gane. Bai roƙe ni da yawa ba, cewa ya yi kawai in faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Da za su tafi Dogo ya ce min sannu da Hausa, kalmar da ya koya kenan duk zaman nan.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In gaskiya ya faɗa, garin neman gira na tsone wa yaron mutane ido, na raba shi da abu ɗaya da yake kare shi. Amma jama'a zuciyata ta ƙi kwanciya. Duk bayanin nan a gaban Dogo ya yi shi, yana fassarawa. Ni ma a gaban mai rakiyata na ce lafiya lau. Ni ma da an tambaye ni a lokacin zan rantse da son raina na zo, kuma ba ƙarya na yi ba, da ƙafata na hau jirgi. Fasfo har yau yana hannun dattijon. Na ce wa Ishaya sharaɗina a zo da fasfunan a damƙa musu a gabana, ya ce zai faɗa, ba matsala. Sai bayan sun tafi na tuna Madam ma takan fito da namu ta raba mana duk ranar da ta ji ana bincike a ginin, in an tafi ta bi ta karɓe.

Na kai wa Hajiya Ladi maganar muka kusa ɓatawa. Ita ta ce tarko ne, so suke su zaunar da ni su ji iya abin da na sani, daga nan su ɗauke yaron a baƙar motar nan zuwa inda ba zan ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta ce in kira 'yan sanda tun kafin Juma'a in huta, in masu gaskiya ne ai gaskiyarsu za ta fisshe su. Na ce mata Hajiya kin san garin nan kuwa? 'Yan sanda su shigo su tarar da baƙi biyu da littattafan coci da bajo, ba fasfo a hannu, a ƙasar da ta hana wa'azi, ga hoton kyamara na mace da namiji a sito cikin azumi, wa kike ganin za a fara sa wa ankwa? Ta ce to in na fi son in zauna in zuba ido shi kenan, ita ta faɗi nata. Na ce ai da shawararki na shiga lifta. Tun jiya ba ta sauko shan ruwa tare da mu ba, a ɗaki na aika mata kunu.

Yanzu lamba biyu ce a wayata, ta dattijon da Ishaya ya ba ni da ta 'yan sanda. In na zauna gaban dattijon dole in faɗi dalilin da ya sa na murza mukullin, wato in dubi idonsa in ce ina zarginsa da safarar mutane, domin in ban faɗi dalilin ba labarin ba zai wanke yaron ba, wace mace ce ke kulle saurayi a sito ba dalili? In mutumin kirki ne, yaro ya tsira, ni in sha kunyata. In ba na kirki ba ne, na tona masa abin da na sani kenan kuma na san abin da ake yi wa wanda aka gane ya yi magana da bare. In kuma na ƙi zuwa na yi shiru, to na bar shi da maganar manaja.

Ɗazu da safe na wuce ta ƙofarsu na ji ƙamshin guga, kular jiya tana waje an wanke ta tas an kife murfin. Don Allah wanda ya san mutanen nan da gaske, ba ji-ta-ji-ta ba, musamman 'yan Jos da Kaduna da ke zauren nan, haka dokarsu take ko an tsara min ne? Waɗanda kuma suka taɓa shiga hannun eja irina, ku kun san abin da nake gani, ku faɗa min in idona ne ya lalace. In je in zama shaidarsa ranar Juma'a, ko in kira ɗaya lambar? Zagi ma in kun ga na cancanta ku yi, zan karanta, amma ku haɗa da shawara.

Shekara da shekaru ina tsine wa matar nan ta kanti a zuciyata. Sai a satin nan na fara tunanin wataƙila ita ma da ta koma gida ranar, waya ta riƙe a hannu ta rasa wa za ta kira.